Firinta tana ɓacewa duk sanda aka ɗauke wuta, in kashe DHCP ne ko yaya?

Abu_Sadik_TW:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon kwamfuta a Tudun Wada, muna buga takardu, cike fom na intanet da rajistar jarrabawa. Kwamfutoci shida ne, da babbar firinta ɗaya mai shiga netwok, sai wayoyinmu da na kwastomomi. Intanet daga rauta mai sim yake zuwa, akwai kuma rauta ta biyu a ɗakin baya da aka ja mata kebul don Wi-Fi ba ya kaiwa can. To duk lokacin da aka ɗauke wuta muka tada janareta, sai wasu kwamfutocin su daina ganin firinta, wasu kuma alama ta nuna a haɗe suke amma ko Google ba ya buɗewa. Sai an yi ta kashewa da kunnawa kafin abu ya daidaita, jama'a na zaune suna jira. Wani yaro mai gyara ya ce in kashe DHCP gaba ɗaya, wato tsarin da rauta ke raba wa na'urori adireshi da kanta, in rubuta wa kowace na'ura adireshinta da hannu. Masana, wannan ce mafita?

Dan_Rigasa:
Wa alaikumus salam. Gaskiya yaron ya faɗa maka. Ni haka na yi a wurina, kowace kwamfuta da lambarta, na rubuta a takarda na manna a bango. Ko sau goma aka ɗauke wuta babu abin da ke motsi.

Maman_Ilham:
Dan_Rigasa to wayoyin kwastomomi fa? Duk wanda ya shigo sai Malam Abu ya karɓi wayarsa ya rubuta masa lambobi huɗu kafin ya turo takardarsa? Lokacin rajistar JAMB ai sai ya ɗauki ma'aikaci na musamman don wannan kawai.

Dan_Rigasa:
Hajiya ni ba na ba kwastoma Wi-Fi, ya turo ta WhatsApp da datarsa.

Injiniya_Kawo:
Malam Abu kada ka taɓa komai tukuna. Abu ɗaya nake so ka yi mana idan matsalar ta sake faruwa. Ka je kan kwamfutar da ke aiki lafiya, ka buɗe cmd ka rubuta ipconfig. Ka je kan wadda ta ƙi, ka yi haka. Ka kawo mana layin IPv4 Address, wato adireshin kwamfutar, da na Default Gateway, wato ƙofar fita intanet, na kowacce. Sannan ka duba bayan rauta ta biyu, kebul ɗin da ya fito daga ta farko a wane rami ya shiga, wanda aka rubuta WAN ne, wato na shigowar intanet, ko ɗaya daga cikin na LAN, wato na na'urorin cikin gida?

Abu_Sadik_TW:
Injiniya ai ko jira ban yi ba, yanzu haka muna kan janareta. Wadda ke aiki tana nuna 192.168.8.103, ƙofarta 192.168.8.1. Wadda ta ƙi tana nuna 192.168.0.101, ƙofarta 192.168.0.1. Akwai ta uku ma da ta nuna 169.254 da wasu lambobi, wurin ƙofa babu komai. Kebul kuwa a LAN1 yake.

Injiniya_Kawo:
Madalla, ka ga ciwon ya fito da kansa. DHCP ba shi da laifi, masu raba adireshi ne suka zama biyu a shagonka, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Bari in warware yadda abin yake tafiya don waɗanda ba su sani ba. Idan kwamfuta ta tashi ba ta da adireshi, sai ta yi shela ga duk wanda ke kan netwok cewa tana nema. Mai rabawa ya yi mata tayin wani, ita ta ce ta karɓa, shi ya tabbatar mata. Saƙo huɗu ke nan. Cikin abin da yake ba ta akwai adireshin kanta, da ƙofar da za ta bi ta fita intanet, da DNS mai juya suna irin google.com zuwa lamba, da kuma wa'adin da za ta riƙe adireshin, domin aro ne ba kyauta ba. To kwamfuta ba ta tambayar wane ne halastaccen mai rabawa, galibi wanda tayinsa ya fara isowa shi take bi.

Rauta mai sim tana ɗaukar lokaci kafin ta gama tashi, ta ɗakin baya kuwa ƙila tana riga ta. Duk kwamfutar da ta yi shela a wannan tsakani sai ta baya ta amsa, ta ba ta 192.168.0.wani abu, ta ce ni ce ƙofarki. Alhali ita ba ta da hanyar fita, raminta na WAN ba komai a ciki. Shi ya sa alama ke nuna a haɗe amma babu intanet. Kuma mai 192.168.0 ba za ta yi magana da firinta mai 192.168.8 ba ko da teburi ɗaya suke, don a lissafinsu ba netwok ɗaya suke ba. Ita kuma ta ukun da ta nuna 169.254, wannan lamba ce da Windows ke ba kansa idan ya yi shela babu wanda ya amsa.

Gyaran: ka cire kebul ɗin da ke haɗa rautocin biyu, ka haɗa kwamfuta ɗaya da ta bayan ita kaɗai, ka shiga 192.168.0.1 ta burauza. Ka canza adireshin LAN ɗinta zuwa 192.168.8.2, za ta sake tashi, ka koma ta sabon adireshin, ka kashe DHCP Server nata. Ka mayar da kebul a LAN yadda yake. Daga nan ta zama mai miƙa Wi-Fi kawai. Idan tana da zaɓin Access Point Mode ma ya fi sauƙi, shi kaɗai za ka danna.

Usman_Poly:
Injiniya me zai hana kawai ya zare kebul daga LAN1 ya soka a WAN? Minti ɗaya an gama, kowa ya samu intanet.

Injiniya_Kawo:
Intanet kam kowa zai samu. Amma ka raba shagon gida biyu. Na ɗakin baya suna iya kaiwa ga firinta idan an rubuta musu adireshinta, sai dai ba za ta riƙa fitowa da kanta ba idan sun nema, na gaba kuma ba za su ga komai na baya ba. Ga mai son ware kwastomomi daban wannan yana da ɗan amfani, amma ba shi Malam Abu ya tambaya ba.

Baba_Malali:
Allah ya yi maka albarka Injiniya. Mu da muka fara wannan aiki tun zamanin kafe na intanet a Ahmadu Bello Way, da hannu muke rubuta komai, kuma rigimar da muka fi sha ita ce kwamfutoci biyu su ɗauki lamba ɗaya. Yaro ya gyara kwamfuta ya kwafi lambar ta kusa da shi, shi ke nan duka biyun su yi ta faɗuwa. Wanda ya ce rubutun hannu ba ya kawo matsala bai riƙe kwamfuta talatin ba. DHCP ɗin nan ba sabon abu ba ne, tun 1993 aka fitar da ƙa'idarsa, aka sabunta a 1997, kuma don maganin irin wannan wahala aka yi shi.

Dan_Rigasa:
Baba da girmanka, ni kwamfuta huɗu gare ni, takardar bango ta ishe ni.

Zee_Barnawa:
Ni tambayata daban. Ko an kashe na rauta ta biyu, me zai hana firintar ta samu wani adireshi gobe? A ofis ɗinmu rauta ɗaya ce tal, amma duk da haka wata rana sai ka tura takarda ta tsaya a layi, ka duba ka ga firinta ta koma 105 daga 102.

Sani_MikroTik:
Zee tambayarki ita ce rabin maganar da ta rage. Windows idan ya saka firinta, sau da yawa adireshin da ya same ta da shi ranar yake riƙewa. Ƙananan rautoci da yawa kuma ba sa ajiye jerin wanda suka ba wane adireshi idan wuta ta yanke, suna tashi ne da allo a goge. Wayar wani ta riga firinta tambaya, sai a ba ta 102. Maganin shi ne ki keɓe wa firinta adireshi a cikin rauta. Kowace na'ura tana da lambar MAC, haruffa da lambobi goma sha biyu, za ki gan ta a takardar bayanin netwok da firinta ke bugawa ko a jerin na'urorin da ke haɗe. A rautar TP-Link wurin ana kiransa Address Reservation. A ta MikroTik ki shiga IP, DHCP Server, Leases, ki danna kan firinta ki zaɓi Make Static. Daga ranar duk sanda ta yi shela lamba ɗaya za a ba ta, kuma ba za a ba wani ba.

Hamza_CCTV:
Oga Sani a nan zan saɓa maka. Don firinta da na'urar naɗar kyamara ni na fi yarda da rubuta adireshi a jikin na'urar. Dalili kuwa wutarmu. Idan firinta ta riga rauta tashi, ta yi shela ba amsa, wasu sai su ba kansu 169.254 su zauna a haka na ɗan lokaci, wasu ma sai an sake kunna su. Wadda aka rubuta wa da hannu ba ruwanta da wa ya riga wa. Kuma ran da rauta ta ƙone ko wani ya danna mata reset, duk keɓe-keɓen da ka yi sun tafi.

Sani_MikroTik:
Ran da aka canza rauta kuma sabuwar ta zo da 192.168.1.1 fa? Sai ka bi kyamara goma sha shida ɗaya bayan ɗaya kana hawa tsani.

Hamza_CCTV:
A'a, sai in canza wa sabuwar rauta adireshi ya dace da na da. Wuri ɗaya zan taɓa.

Injiniya_Kawo:
Ku biyun kowa da gaskiyarsa, kuma ba a hana haɗa duka ba. Sharaɗi ɗaya ne ga mai bin hanyar Hamza: lambar da zai rubuta da hannu ta kasance a wajen kewayon da rauta ke rabawa. Misali TP-Link yawanci daga 100 zuwa 199 take rabawa. Ka ba firinta 10 ko 20, ba 150 ba. Idan ka ba ta 150, wata rana rauta za ta iya miƙa wa wayar wani 150 ɗin, sai ka koma labarin Baba_Malali. Malam Abu ka duba naka kewayon a shafin DHCP na rauta mai sim kafin ka zaɓa. Shi ma 192.168.8.2 da na ce ka ba rauta ta biyu, ka tabbata ba ya ciki.

Ummu_Khalifa:
Ni dai duk wannan lissafi ya fi ƙarfina. Abin da na yi a shagona na Unguwar Rimi, na sayi ƙaramin batir na rauta, irin wanda ake sokawa tsakaninta da caja. A ɗauke wuta a kawo, ita ba ta ma sani ba.

Dan_Rigasa:
Wannan ita ce magana. Nawa kika saya Hajiya?

Ummu_Khalifa:
Na jima da saya, farashi ya canza. Ka dai duba voltin da aka rubuta a cajar rautarka, yawanci 12 ne ko 9, ka sayi wanda ya dace.

Yusuf_Sola:
Masu inbata ma ku sa rauta a layin inbata, ba ta cin wani abin kirki. Firinta mai leza ce dai kada a kuskura a ɗora wa ƙaramar inbata, lokacin da take ɗumama kanta tana jan wuta sosai.

Maman_Ilham:
An fara tallan sola ke nan. Mu koma kan Malam Abu.

Abu_Sadik_TW:
Alhamdu lillahi, na bi matakan Injiniya bayan la'asar da mutane suka ragu. Rauta ta biyu yanzu tana 192.168.8.2, DHCP nata a kashe. Na kashe komai na kunna don gwaji, duk kwamfutocin sun dawo da 192.168.8. Firinta na rubuta mata 192.168.8.20 a jikinta kamar yadda Hamza ya ce, don ban ga wurin keɓewa a rauta mai sim ba, sannan na sake saka ta a kwamfutocin da sabon adireshi. Allah ya saka wa kowa. Saura abu ɗaya: ranakun da shago ya cika, wayoyin wasu kwastomomi sai su tsaya a kan Obtaining IP address har su gaji. Shi ma rauta ta biyun ce ta jawo?

Sani_MikroTik:
Mai yiwuwa ba ita ba ce. Ina zargin adireshin ne ke ƙarewa. Ka duba wa'adin aro a shafin DHCP. Idan kwana ɗaya ne, wato minti 1440 ko daƙiƙa 86400, to duk wanda ya shigo da safe ya haɗa wayarsa minti biyar ya tafi, lambarsa tana nan a ajiye da sunansa har gobe. Kewayo mai ɗari, mutum ɗari da ashirin suka ratsa, na ƙarshe ba abin da za a ba su. Ka rage wa'adin zuwa awa ɗaya ko biyu, ka faɗaɗa kewayon, misali daga 50 zuwa 250. Netwok irin naka yana ɗaukar adireshi 254, babu dalilin barin fiye da rabi a zaune.

Zee_Barnawa:
In aka sa awa ɗaya ba zai riƙa yanke wa mutum intanet duk awa ba?

Sani_MikroTik:
Ko kaɗan. Na'ura ba ta jira wa'adi ya cika. Da ya kai rabi take neman a sabunta mata, kuma lambar da take riƙe da ita ake bar mata. Idan ba a amsa ba, sai ta ci gaba da aiki tana sake nema. Mai zaune ba zai ji komai ba, wanda ya tafi ne kawai lambarsa ke dawowa.

Usman_Poly:
Ku ƙara da cewa wayoyin yanzu suna canza MAC duk sanda suka haɗu. Waya ɗaya sai ta cinye adireshi goma a yini.

Aisha_KASU:
Usman ba haka ba ne sosai. Gaskiya ne tun Android 10 da iOS 14 waya tana ɓoye lambarta ta asali ta nuna wata ta bogi, amma a yadda suke zuwa galibi lamba ɗaya take ƙirƙira wa kowane sunan Wi-Fi ta ci gaba da amfani da ita. Inda abin zai shafi Malam Abu shi ne idan Wi-Fi na gaba da na ɗakin baya sunansu daban. Waya ɗaya za ta fito da fuska biyu, ta ci adireshi biyu. Kuma mai son keɓe wa waya adireshi ya kwafi lambar da take nunawa a wannan Wi-Fi ɗin, ba ta jikin kwali ba.

Usman_Poly:
To malama, na ji. Amma akwai masu saitin juyawa.

Aisha_KASU:
Akwai, ban musa ba. Goma a yini ne ban yarda ba.

Injiniya_Kawo:
Kafin a ɗora wa wa'adi laifi, Malam Abu ka ƙirga. Ran da abin ya faru ka buɗe jerin na'urorin da aka ba adireshi ka ga ko ya kusa cika. Ina da wani zargin daban. Rautoci masu sim suna da iyakar na'urorin da Wi-Fi ɗinsu ke ɗauka lokaci guda, ana rubutawa a kwali ko cikin littafinta, kuma iyakar ba ta da alaƙa da yawan adireshi. Ga kuma waya da ke nesa, sigina sanda ɗaya: tana iya haɗuwa da Wi-Fi amma saƙon neman adireshi ya ɓace a hanya, ita ma a wannan rubutun za ta tsaya. Idan ɗayan biyun nan ne, ko ka mayar da wa'adi minti goma ba abin da zai canza.

Malam_Nura_ICT:
Salam, na zo a makare. Don amfanin ɗalibai masu shirin CCNA, jarrabawar ƙwarewar netwok ta kamfanin Cisco, da ke cikin zauren nan, ga yadda ake yin abu ɗaya a rautar Cisco. Ka fara da ip dhcp excluded-address 192.168.8.1 192.168.8.49 don ware na hannu. Sai ip dhcp pool SHAGO, a ƙarƙashinsa network 192.168.8.0 255.255.255.0, default-router 192.168.8.1, dns-server 8.8.8.8, sai lease 0 2 wato awa biyu. Idan ba ka rubuta lease ba kwana ɗaya take bayarwa. Ka ga wanda aka ba me da show ip dhcp binding. A makarantar da nake aiki ɗakunan kwamfuta kowanne da netwok ɗinsa, mai rabawa kuma guda ɗaya ne, don haka sai da ip helper-address, umarnin da ke sa rauta ta miƙa shelar ga mai rabawa, saboda shelar neman adireshi ba ta tsallake rauta da kanta. Irin matsalar Malam Abu kuwa mun sha ta, malami ya kawo rautarsa daga gida ya soka a bango don ya samu Wi-Fi a ofis, rabin bene ya rasa intanet. DHCP snooping, saitin da ke toshe mai rabawa na bogi, a kan suwic, akwatin da kebul-kebul ke haɗuwa, shi ne ya raba mu da wannan.

Dan_Rigasa:
Malam Nura mutum na da kwamfuta shida kana kawo masa Cisco.

Malam_Nura_ICT:
Na ce don ɗalibai, ɗan'uwa.

Hamza_CCTV:
Wani ya tambaye ni ta akwati ko wannan gyara zai sa ya ga kyamararsa daga waje. A'a, wannan magana ce daban. Adireshin da rauta ke rabawa na cikin gida ne. Layukan sim da yawa kuma ba sa ba ka adireshin waje naka kai kaɗai, kuna tarayya ne da wasu, shi ya sa buɗe wa na waje hanya a rauta, wato port forwarding, ba ya aiki. Ka buɗe sabon zare mu tattauna.

Abu_Sadik_TW:
Na duba. Wa'adin 86400 ne, kewayon daga 100 zuwa 200. Na mayar da shi 7200, na bar kewayon yadda yake tukuna don in gane wanne ne ya yi aiki. Sunayen Wi-Fi kuma daban suke kamar yadda Aisha ta ce. In mayar da su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya?

Aisha_KASU:
Eh, ka mayar. Galibi waya za ta riƙa komawa wanda ya fi ƙarfi da kanta.

Sani_MikroTik:
Ni da ni ne sai in bar su daban, in ba kwastomomi na baya kawai, ma'aikata su riƙe na gaba. In ka ga jerin ya cika ka san inda za ka duba.

Injiniya_Kawo:
Ko suna ɗaya ko biyu, kwastoma da kwamfutar da ake rajistar mutane a kai suna netwok ɗaya, wannan ya fi damuna a kan adireshi. Malam Abu rautarka mai sim tana da Guest Wi-Fi, wato wanda ake ware wa baƙi daban? Duba ka faɗa mana, da lambar samfurinta.